Wuta ta mutu, saura dabbobin: fashin baƙi kan ƙunar daji a bayan garin Jos

Akuyar da ta faɗo gidan goggona a hunturun bara ba tata ba ce. Da la'asar sakaliya ta shigo a guje, ta wuce turken tumaki, ta je ta raɓe a bayan randa tana karkarwa. Gidan yana can bayan gari ta hanyar Bauchi, inda gine-gine ke ƙarewa ciyawa da duwatsu su karɓa. Tun da hantsi ake hango hayaƙi a kan dutse, shirwa na ta shawagi a samansa suna cafkar fara da ƙwarin da wuta ta tayar. Gashin gefenta na hagu ya babbake ya murɗe, yana warin nan da ake ji a wajen masu babbakar kai da ƙafa. A wuyanta akwai guntun igiyar roba da ta narke ta manne da fata. Bakinta a buɗe yake tana haki, hancinta na zubar da majina mai ratsin baƙi.

Wani yaron maƙwabta ya ruga ya dawo da gwangwanin baƙin mai. Goggo ta tare shi tun daga zaure: "Kai ɗan nan, ajiye wannan. Jawo mini ruwa a rijiya tukuna." Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma je ka shaida wa Mai Unguwa, kada a wayi gari a ce mun ɓoye akuyar mutane."

A lokacin ban ɗauki maganar da wani nauyi ba. Daga baya na gane cewa tsohuwar ta riga ta hango abin da yawancinmu ba ma gani. Mu idan harshen wuta ya kwanta sai mu ce Allah ya tsare, kowa ya koma harkarsa. Ita kuwa dabba a ranar wahalarta ke farawa, kuma da yawa daga waɗanda suka tsira daga wutar a kwanakin da ke biye suke mutuwa.

Ƙunar daji a Filato ba baƙon abu ba ce, kuma kusan duk wadda ka gani hannun mutum ne ya kunna ta. Ruwa kan ɗauke a wajen Oktoba, zuwa Janairu da Fabrairu ciyawa ta bushe ƙayau. 'Yan farauta na cinna wuta don gafiya da zomo su fito, manomi na ƙona ragowar kara don ya huta da sharar gona, wani makiyayin na ƙona tsohuwar ciyawa don sabon toho ya fito, mai cin zuma kan bar bakin wuta a gindin bishiya. Iskar hunturu ce ke ɗaukar sauran aikin. Yanayin ƙasar ma yana taya ta, domin wuta ta fi gudu idan tana hawan tudu. Masu nazarin wutar daji a Ostireliya sun ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 na hawa, gudunta ninkawa yake yi. Jos kuwa gari ne da ke zaune a tudun da ya kai mita 1,200, duwatsu sun kewaye shi. Ga kuma bishiyar turare da aka daddasa a filayen da aka haƙi kuza, wadda asalinta daga Ostireliyar take, ganyenta mai ne da shi, idan ya kama sai ka ji yana tartsatsi.

Dabbar daji tana da 'yar dabararta: mai rami ya shige rami, mai fiffike ya tashi, mai ƙafa ya ranta a na kare. Dabbar gida kuwa mu muka ɗaure ta. A wasu garuruwan da zarar an kawar da amfanin gona sai a saki awaki su yi ta yawo, amma a kewayen Jos lambunan rani na kabeji da karas da tumatir sun sa ana ɗaure su har da rani, don gudun biyan ɓarna. Ragon da ake turkewa don Sallah dama a turke yake kwana ya wuni. Kaji na akurki, zomaye da tattabaru na keji. Sai abin da ya fi tayar mini da hankali duk lokacin da na gan shi: harawar wake da ta gyaɗa da aka tara don rani, a kan rumfar da dabbobin ke kwance ƙarƙashinta muke jibge ta. Tartsatsi guda iska za ta ɗauko daga nesa ta ajiye a kai.

Saboda haka idan hayaƙi ya doso, aikin farko shi ne kwance igiya, tun wutar na nesa. Wuƙa ta kasance a rataye kusa da turke, don ƙullin igiyar da rago ya daɗe yana ja ba ya kwantuwa da hannu a cikin ruɗani. Kada a bar igiyar roba a wuyan dabba, narkewa take yi ta shiga nama. A kora su zuwa fili marar ciyawa, kamar filin ƙwallo ko gonar da aka share ko wurin da ya riga ya ƙone ya huce. Mai doki ya rufe ƙofar barga bayan ya fitar da shi, domin doki idan ya firgita barga yake komawa, ko da ita ce ke ci. A kuma kula da inda aka nufa da su, saboda tsofaffin ramuka da kududdufan haƙar kuza da ke warwatse daga Bukuru zuwa Barkin Ladi suna da gaɓa mai tsayi, dabbar da ta faɗa a firgice da wuya ta fito da kanta. Duk wannan sai idan akwai sarari. Idan wuta ta riga ta iso, ran mutum ne gaba, kada kowa ya koma.

Hayaƙi ya fi harshen wuta saurin kisa, kuma ba ya barin tabon da ido zai gani. A cikinsa akwai iskar guba marar wari da ake kira kabon monoksaid, wadda ke hana jini ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, ga zafin da ke ƙona maƙogwaro, ga toka mai laushi da ke sauka cikin huhu. Dabba na iya tsayawa garau a ranar farko, har ta ci abinci, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku kumburi ya taso, numfashi ya fara sarƙewa, ciwon huhu ya biyo baya. Alamominsa su ne tari, haki ba tare da gudu ba, miƙa wuya gaba don neman iska, hawaye da majina, da ƙin cin abinci. Tsuntsaye sun fi kowa rauni a nan, don tsarin numfashinsu ya fi na sauran dabbobi saurin zuƙar abin da ke cikin iska. Samarin da ke kiwon tattabaru a bayan gari su sani cewa ɗakin tattabaru na iya mutuwa kakaf alhali ko gashin guda bai babbake ba.

Abin da mai dabba zai iya yi a gida shi ne ya kai ta inda iska ke da tsabta, ya ajiye mata ruwa a kusa, ya yayyafa wa harawa ruwa kafin ya ba ta don ƙura ta kwanta, kuma ya bar ta ta huta. Likitocin dawaki na cewa hanyar numfashin da hayaƙi ya illata kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ta warke. Wanda ya ɗora wa jaki kaya ko ya yi sukuwa da doki a mako na farko, shi ya ƙarasa abin da wuta ta fara.

Sai ƙunar kanta, inda muka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Baƙin mai, man goge baki, ɗanyen ƙwai, toka, kashin shanu, duk na ga an shafa. Babu ɗayansu da ke warkarwa. Baƙin mai guba ne, dabba za ta lashe shi, sauran kuma datti suke kai wa ciwo. Abin da ƙuna ke so da farko ruwa ne mai tsabta, mai sanyi daidai, a yi ta kwarara shi a wurin har kimanin minti 20, ba ƙanƙara ba. Haka Goggo ta yi da buta, tana zubawa a hankali, ni ina riƙe da ƙahon. Amma a Jos akwai abin lura da ba kowane gari ke da shi ba: daren hunturu sanyi kan sauka zuwa wajen digiri 10, dabbar da gashinta ya ƙone kuma ta rasa bargonta. Idan ka jiƙa ta sharkaf da magariba ka bar ta a waje, sanyi ne zai kashe ta kafin asuba. Wurin ƙunar kaɗai ake jiƙawa, a tsane sauran jikin, a shigar da ita ɗaki a shimfiɗa mata buhu. Bayan nan a rufe ciwon da tsumma mai tsabta saboda ƙuda, don idan ƙuda ya yi ƙwai a kai tsutsa ce za ta biyo. Zuma tsantsa, wadda ba a gauraya ta da sukari ba, tana taimakon ciwo, likitocin dabbobi ma na amfani da ita, amma sai an ɗaure wurin don kada ta gayyato tururuwa. Doki da jaki suna buƙatar allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora, don sun fi sauran dabbobi saurin kamuwa da ita ta hanyar rauni.

Kada a ba dabba maganin ciwon jikin mutum. Ƙwaya guda ta farasitamol tana iya kashe kyanwa. Ibufurofen da diklofenak kuma suna lalata ciki da ƙodar kare da kyanwa. Mu da muke da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom tun 1924, da kwalejin koyon kula da lafiyar dabbobi a gefenta, da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Jos, bai kamata a ce mai kemis ne ke rubuta wa rago magani a garin nan ba.

Wurin da ido ya fi mantawa shi ne ƙafa. Dabbar da ta taka ƙasa mai zafi ko garwashi na iya ƙonewa a daidai inda kofato ya haɗu da fata, nan ne kuma kofato ke tsirowa. Ranar farko ba za ka ga komai ba. Sai bayan kwana goma ko mako biyu ta fara ɗingishi, wani lokacin kofaton ya saɓule gaba ɗaya. Haka hantsar saniya ko akuya: idan kan nonon ya ƙone za ta hana ɗanta sha saboda zafi, ɗan ya rame a gabanka kana neman dalili. Bijimi da rago kuma idan maraina suka ƙone suna iya daina barbara. Shi ya sa ba a duba dabbar da ta fito daga wuta sau ɗaya a ce shi ke nan. Kullum ake ɗaga ƙafa a duba, a leƙa ƙarƙashin ciki, har mako uku.

Akwai kuma hukuncin da ba wanda ke son yankewa. Dabbar da ta kasa tashi, ko ƙunar ta ci babban sashe na jikinta ta shiga nama, ko kofatanta suka saɓule, barin ta da rai azaba ce. A kira likita ya duba, idan ya ce ba za ta tashi ba a yanka ta da wuri. Idan an riga an yi mata allurai sai a tambaye shi ko naman zai ciwu, domin wasu magungunan suna daɗewa a jiki. Wadda aka tarar ta mutu kuwa mushe ce, rami mai zurfi za a haƙa mata nesa da rijiya, ba ta da hanya zuwa kasuwa.

Bayan ciwo sai yunwa. Wutar da ta kori dabba ita ta cinye abincinta, a tsakiyar rani, watanni kafin ruwan Afrilu. Saniya guda na iya shan lita 30 zuwa 40 na ruwa a rana. Mai tausayi sai ya cika wa akuyar da ta kwana biyu ba ta ci ba kwano da masara ko dawa, cikinta ya kumbura, ta mutu a dalilin alherin. Tumbin mai tuƙa ba ya son sauyin abinci na farat ɗaya. Da harawa ko busasshiyar ciyawa ake farawa, dusa ta biyo kaɗan-kaɗan.

Kyanwa ɗabi'arta daban. Ba ta bin mutane idan ta tsorata, ɓuya take yi a rami ko ƙarƙashin dutse, ta dawo wurin da ta sani bayan kwanaki, yawanci da dare. Wanda kyanwarsa ta ɓata ya ajiye ruwa da ɗan abinci da tsohuwar rigarsa a inda ta saba kwana. Idan ta dawo a duba tafin ƙafarta, a goge mata toka da jiƙaƙƙen tsumma kafin ta lashe. Karnukan farauta da na gadi kuma, ciwo kan sa ko naka ya cije ka. Wanda ba ka san shi ba kada yara su matsa kusa da shi. Idan ya ciji wani a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare.

Yanzu sai umarnin Goggo na biyu, wato a shaida wa Mai Unguwa. A Amurka, lokacin gobarar Los Anjalis ta Janairun 2025, ƙungiyar kula da dabbobi ta Pasadena Humane ta karɓi ɗaruruwan dabbobi cikin 'yan kwanaki, an buɗe filayen dawaki don a ajiye dawaki da jakuna, wasu masu dawakin da suka rasa motar ɗauka suka rubuta lambar waya a jikin dabbobinsu suka sake su. Ba haka kawai tsarin ya samu ba. A ambaliyar guguwar Katrina ta 2005 mutane da yawa sun ƙi barin gidajensu saboda an hana su tafiya da dabbobinsu, shi ne a 2006 aka yi dokar da ta sa hukumomi su riƙa saka dabbobin gida a cikin shirin kwashe jama'a. Na san wani zai ce wannan gatan masu kuɗi ne. Ni ban yarda ba. Tsohuwar da awaki biyar ne asusunta, da su take biyan kuɗin makaranta da na asibiti, ta fi Ba'amurke dalilin komawa cikin hayaƙi don ta kwance su. Wanda ya tanadi hanyar fitar da dabbar, ran mai ita ya tsare.

Mu ba mu da irin waɗancan gidajen ajiya. Abin da muke da shi maƙwabci ne da mai unguwa da cigiya. Shari'a ta daɗe da tsara wannan a babin tsintuwa: da aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da ɓatacciyar tunkiya ya yi izinin a kama ta, don idan an bar ta kyarkeci ne zai ci, raƙumi kuwa ya ce a ƙyale shi tunda yana iya kai kansa ga ruwa da abinci. Kamawar amana ce, ana cigiya har mai abu ya zo. A Jos wannan ya wuce ladabi kawai. Duk wanda ya zauna a garin nan tun rikicin 2001 ya san yadda maganar saniya guda da ta ɓata, ko garken da ya afka lambu, ke iya zama abin da ba a zata ba. Shanun da wuta ta kora ba su san iyakar gona ba. Idan mai lambu ya ga ƙonannen gashi a jikinsu, ya fara kiran mai unguwa da arɗo kafin ya ɗauki sanda. Mai shanun shi ma ya zo da bakinsa ya ga ɓarnar, a daidaita. Wanda ya tsinci dabba kuma ya sanar a ranar, a masallaci da coci da kasuwar dabbobi, ya ɗauki hotonta a waya, amma ya rage wata alama bai faɗa ba, kamar tsagar kunne, wadda mai ita na gaskiya ne kaɗai zai iya kawowa. Kada ya haɗa ta da nasa garken sai bayan mako biyu ko uku, don cutar zawo da majina da ke kwashe awaki ta irin wannan cakuɗuwa take shiga gida.

Na daji ba su da mai cigiyarsu. A gobarar Ostireliya ta 2019 zuwa 2020 an ƙiyasta cewa dabbobi kusan biliyan 3 abin ya shafa, kuma mafi yawansu masu jan ciki ne irin su ƙadangaru, waɗanda ba a nuna su a talabijin. A nan ma haka ne: kunkuru, bushiya, hawainiya, damo, da ƙwan fakara da na zabin daji da ke ƙasa. Dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, yana ɗauke da wani ɗan jan tsuntsu na duwatsu da sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa. Wurin bai fi hekta 300 ba. Wanda ya tsinci tsuntsu ko kunkuru da rauni ya sa shi a kwali mai huji, a wuri mai duhu da shiru, kada ya ɗura masa ruwa a baki, ya nemi ma'aikatan gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Ɗan biri kuwa ba abin wasan yara ba ne, sau da yawa uwarsa na nan kusa.

Wasu baƙin ba a yi musu maraba. Wuta na koro macizai da ɓeraye zuwa gidaje, kuma ɓeran daji ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda ya fi tsananta da rani. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke jan kunne a kan ƙona daji. Jos ta san cutar nan tun farkonta: a 1969 aka kawo ma'aikaciyar jinyar da ta kamu da ita daga garin Lassa zuwa wani asibitin mishan a Jos, a nan ta rasu, a 1970 kuma cutar ta kashe likita Jeanette Troup a garin nan. Makon da aka yi ƙuna a kusa, a rufe hatsi da kwanukan abinci, a daina shanya a ƙasa, a zazzage takalmi kafin a sa.

Doka tana nan. Tun 2011 hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idar da ta hana ƙona daji sai da izini. Amma abin da na ga yana aiki a unguwa shi ne a share ciyawa taku goma a kewayen gida da garke tun Nuwamba, a sauke harawa daga kan rumfar dabbobi a mayar da ita nesa. Idan ƙunar ta zama dole, a yi ta da wuri, ciyawa na da sauran danshi, da yamma iska ta kwanta, mutane na tsaye da ɗanyen ganye. Irin wannan wutar lasar sama take yi ta bar tsibirai da ƙananan halittu za su fake. Ta Fabrairu ba ta barin komai.

Ranar kwana huɗu mai akuyar ta zo, wata dattijuwa daga ƙauyen da ke bayan dutsen, Mai Unguwa ya haɗo ta da yaro. Tun daga zaure ta faɗi tsagar kunnen dama. Goggo ta ce, "Mama, ki bar ta nan tukuna, ba ta isa tafiya ba." A kwana na goma sha biyu ƙafar baya ta fara ɗingishi, likita ya zo ya gyara kofaton ya ɗaure, ya ce ba zai saɓule ba. Bayan mako uku dattijuwar ta dawo da Keke Napep da damin harawa guda, ta ajiye wa Goggo, ta ƙi karɓar ko sisi. Ina taya ta ɗora akuyar na tambaye ta sauran. Ta ce biyar ne. Wannan ta tsinke igiya, biyu dama a sake suke, sun dawo da kansu washegari. Sauran biyun a gindin turke ta same su.